Ruwan Mada na Cikin Fayil, Amma Wace Kwamfuta Ce Za Ta Buɗe Shi?

Duk wanda ya taɓa noma a Mada, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san tambayar da ke hana manomi barci a ƙarshen watan Mayu: wannan ruwan da aka yi, na shuka ne ko na yaudara? In ka yi gaggawa, iri ya tsiro rana ta ƙone shi, ka yi asarar iri da wahala. In ka yi jinkiri, damina ta ɗauke gero bai nuna ba.

Masana sun daɗe suna neman amsa da lissafi. A 1988, M.V.K. Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya fitar da wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita a yankinmu. Damina ta kama ne a ranar da, bayan 1 ga Mayu, ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma ba a samu tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ƙa'idar ba ta da wuya, sai dai tana buƙatar bayanin ruwan kowace rana na shekaru masu yawa. Hukumar NiMet tana da tasha a Gusau, amma tasha guda ba za ta faɗa maka abin da ya sauka a kowace gona ta Mada ba, don mun san yadda ake tafka ruwa a wannan ƙauye na gaba da shi ko yayyafi bai samu ba.

A nan ne bayanan tauraron ɗan Adam ke shigowa. Akwai CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, wanda ya faro daga 1981, ya yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita biyar da rabi. Akwai TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila, wanda ya faro daga 1983. Duka kyauta ne, kuma ana samunsu a wani nau'in fayil da sunansa ke ƙarewa da .nc, wato netCDF.

To, mu ɗauka wata ɗaliba ce 'yar Mada da ke ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya da ke Gusau, tana son ta lissafa ranar kamawar damina a garinsu na shekara 40. Kwamfutarta ta hannu ce, Windows ce a kanta, kamar ta yawancin ɗalibanmu. Wannan sharhi nawa a kan abin da ke tsakanin ta da wancan fayil ne. Hukuncina tun farko shi ne: waɗanda suka tsara netCDF sun yi aikin da ya cancanci yabo, amma yadda duniyar kimiyya ta kai shi da 'yan uwansa kan Windows ya zo a makare, kuma an riƙa cewa an gama tun ba a gama ba.

Mene ne laburare, mene ne dashe?

Laburare a nan ba ɗakin littattafai ba ne. Tarin ƙananan ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, kamar "buɗe fayil", "karanto ruwan rana kaza a wuri kaza", "rufe fayil", wanda sauran manhajoji ke ara maimakon kowa ya rubuta nasa. Idan ka buɗe fayil ɗin .nc a R ko Python ko QGIS, yawanci laburaren netCDF da aka rubuta da harshen C ne ke aikin a ƙarƙashi, kai ba ka gani.

Shi kuma laburaren dole ya yi magana da babbar manhajar kwamfuta, wato Windows ko Linux ko macOS, domin ita ce ke riƙe da ma'adanar fayil da ƙwaƙwalwar injin. Kowace babbar manhaja da ɗabi'unta. Ɗaukar laburaren da ya tashi a kan wata a gyara shi ya rayu a kan wata daban shi za mu kira dashe, kamar yadda ake cire yabanyar albasa a kai ta fadama. Mai lambu kuma ya san cewa tsayuwar yabanya a ranar dashe ba ta nuna ta kama.

Inda suka yi daidai

An fara netCDF a ƙarshen shekarun 1980 a shirin Unidata da ke Boulder, jihar Kolorado ta Amurka. A lokacin injunan kwamfuta ba su yarda da juna ba ko a kan yadda ake jera lamba a ƙwaƙwalwa. Wasu suna fara ajiye babban ɓangaren lamba, wasu ƙaramin, kamar yadda boko ke farawa daga hagu ajami daga dama. Fayil ɗin da wani inji ya rubuta, in ka kai shi wani injin sai ya karanto shirme.

Masu netCDF suka yanke shawarar cewa fayil ɗinsu zai bi jeri guda ɗaya a ko'ina, ta hanyar wani tsari na kamfanin Sun Microsystems mai suna XDR, laburaren kuma shi zai riƙa juya lambobin su dace da kowane inji. Suka kuma sa fayil ya riƙa ɗauke da bayanin kansa: wannan ruwan sama ne, da milimita aka auna, ga layukan wuri, ga ranaku. Dalilin ke nan fayil ɗin da aka rubuta shekara 30 da suka wuce yake buɗuwa a yau. Duk wanda ya taɓa gadon teburin Excel na wani malami, babu sunan ma'auni babu bayani, ya san darajar wannan. A 2008 aka fitar da netCDF-4, wanda ya hau kan wani laburaren mai suna HDF5, aka samu damar matse manyan fayiloli.

Fayil ɗin dai an yi shi don tafiya. Matsalar tana wajen laburaren da zai karanta shi.

Suka ta farko: an makara, kuma an jingina da mutum ɗaya

A kan Unix aka reni netCDF, don ita ce babbar manhajar cibiyoyin bincike na Amurka da Turai. An yi ta yunƙurin kai shi Windows tun da wuri, amma sai a 2013, da zubi na 4.3.0, aka samu hanyar gina shi da kayan aikin Windows na yau da kullum a matsayin sashe na aikin. Shekarar da aka kafa jami'ar Gusau ke nan. Sama da shekara ashirin laburaren ya yi kafin masu Windows su zauna a layi ɗaya da sauran.

Ba shi kaɗai ba ne. SciPy, ɗaya daga cikin ginshiƙan lissafin kimiyya a Python, bai fara bayar da ginannen kunshi na Windows a babbar ma'ajiyar Python ba sai a Oktoban 2017, da zubi na 1.0. Babban abin da ya kawo cikas shi ne tsofaffin sassan da aka rubuta da harshen Fortran, waɗanda haɗa su da kayan ginin Windows ya yi wuya.

To su wa suka cike giɓin? Shekara da shekaru, masu bincike a duniya da ke amfani da Windows sun dogara da shafin wani mutum guda, Christoph Gohlke na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Shi yake gina ɗaruruwan kunshi, har da na netCDF, yana ɗorawa kyauta, kuma sunan shafin kansa ya faɗa cewa ba na hukuma ba ne. A 2022 aka daina sabunta wancan shafi. Allah Ya saka masa, amma abin kunya ne a ce hanyar da ɗimbin ɗaliban duniya ke bi su shiga kimiyya ta rataya a wuyan mutum ɗaya mai aikin sa kai. Yanzu abin ya yi sauƙi ƙwarai, musamman da zuwan conda-forge a 2015. Sai dai tarihin ya nuna wa ake fara tunawa, wa kuma ake bari sai an samu sarari.

Suka ta biyu: ya buɗe, amma lissafin ɗaya ne?

Wannan ce ta fi damuna, don ba ta ihu. A harshen C akwai wani mazubin lamba da ake kira long. A Linux da macOS na zamani yana da girman bit 64. A Windows, ko da ta zamani ce, bit 32 ne, kuma babbar lambar da zai iya ɗauka ita ce 2,147,483,647. Sunan mazubin ɗaya ne, girman ya bambanta, kamar a ce tiyar wata kasuwa rabin ta wata ce kuma kowa yana kiranta tiya.

Mu gwada da fayil ɗin ɗalibarmu. Zubi na biyu na CHIRPS na duniya yana da gidaje 7,200 a kwance da 2,000 a tsaye, wato 14,400,000 a kowace rana. A shekara guda lambobi 5,256,000,000 ke nan. Idan wani ya rubuta ɗan shiri yana ƙirga matsayin kowace lamba daga farkon shekara da wancan mazubi, a Linux lafiya lau zai kai Disamba. A Windows kuwa mazubin zai cika a rana ta 150, wato 30 ga Mayu a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Daidai lokacin da ake jiran ruwan shuka a Mada. Daga nan lambar na iya juyewa ta koma ƙasa da sifili, sai ko dai shirin ya tsaya, ko kuma, abin da ya fi muni, ya karanto ruwan wata rana a wani wuri daban ya miƙa maka ba tare da ko tari ba.

A yi adalci: laburaren netCDF kansa yana amfani da mazubin da ya dace wajen ƙirga matsayi. Haɗarin yana cikin ƙananan shirye-shiryen da mu masu bincike muke rubutawa a kansa muna tura wa juna. Kuma ramin ya daɗe a buɗe. A NumPy, wanda kusan duk mai lissafi da Python ke amfani da shi, mazubin cikakkiyar lamba na asali bit 32 ne a Windows, bit 64 a Linux, har sai da zubi na 2.0 ya daidaita su a Yunin 2024.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne kawai na malaman kwamfuta. A 2019 wasu masu binciken sinadarai a Jami'ar Hawaii suka gano cewa wani ɗan shirin Python da aka wallafa a 2014, wanda masana da dama suka yi aiki da shi, yana ba da amsa daban-daban. A Windows 10 ya ba da 173.2, a Ubuntu ya ba da 172.4, a wani zubin macOS ya ba da 172.7. Dalilin kuwa ƙarami ne: shirin ya ɗauka cewa kowace babbar manhaja za ta miƙo masa jerin fayiloli a tsare, alhali ba kowace ke yin haka ba. Ku lura, a wannan karon Windows ce ta ba da amsar daidai. Saboda haka zancen ba na wace babbar manhaja ta fi wata ba ne. Laifin na ɗaukar ɗabi'ar injinka a matsayin dokar duniya ne. Wanda ke da fayil 40 na ruwan sama, ɗaya na kowace shekara, in suka shigo a hargitse, zai iya laƙaba wa wata shekara ruwan 1984, shekarar fari, ya zana hoto mai kyau ya kai wa malaminsa.

Suka ta uku: sunayenmu

Ɗalibarmu za ta so ta haɗa ruwan sama da teburin garuruwa: Bunguɗu, Ƙaura Namoda, Tsafe. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin tsohon jadawalin haruffan da Windows ke amfani da shi a injunan da aka saita da Ingilishi. Linux da macOS sun daɗe da komawa tsarin UTF-8 wanda ya ɗauki haruffan duniya. Saboda haka shekaru da yawa mai amfani da R a Windows yana buga teburinsa sai ya ga Bungu<U+0257>u a inda ya rubuta Bunguɗu, abokinsa mai Linux kuma bai ma san ana wannan wahala ba. Da yawa sai suka haƙura suka cire lanƙwasar. Daga nan sabuwar matsala ta taso, don a wurin kwamfuta Bungudu da Bunguɗu garuruwa biyu ne, in ka haɗa tebur biyu sai layin ya ɓace.

An gyara wannan a R 4.2.0, a Afrilun 2022, bayan aikin shekaru da Tomas Kalibera ya jagoranta, wanda ya buƙaci sake gina R da dubban kunshinsa a kan sabon tushe na Windows. A ganina wannan shi ne misalin dashen da aka yi da gaske, don an bi abin har saiwa. Amma yana da farashi. Gyaran haruffan yana aiki ne a Windows 10 ta 2019 zuwa sama, kuma a wannan zubin aka daina gina R don Windows mai bit 32. Python ma ya bar Windows 7 tun zubi na 3.9 a 2020. Wato mai tsohuwar kwamfuta, wanda shi ne ya fi yawa a wurinmu, an gyara masa harafi a gidan da ba zai iya shiga ba.

Suka ta huɗu: "ai sai ka sa Linux"

Akwai wata manhaja mai suna CDO, ta Cibiyar Max Planck ta nazarin yanayi da ke Hambug a Jamus. Da layi guda za ta yanko maka Zamfara daga fayil ɗin duniya, ta tara maka ruwan wata-wata. Duk mai nazarin yanayi ya san amfaninta. Amma 'yar gidan Unix ce, mai Windows sai dai ya bi ta Cygwin ko WSL, wato ya girka wani ɗan ɗakin Linux a cikin Windows ɗinsa.

Dabara ce mai aiki, ni ma ina ba da shawararta ga wanda injinsa zai ɗauka. Sai dai kada a kira ta dashe. WSL tana buƙatar Windows 10 ko 11 mai bit 64, zubinta na biyu yana buƙatar a kunna wani saiti tun daga tushen injin, ga saukar da ɗaruruwan megabayit, ga koyon sabon salon ba da umarni. An ɗauke nauyin daga kan ƙwararru an ɗora wa ɗalibar da ke da wata uku ta miƙa aikinta.

Wasu kuma sukan ce a manta da girke-girke, a yi komai a intanet, a Google Colab ko Earth Engine. Mutanen Zamfara suna da amsar wannan. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro, Gusau ta yi makonni babu sabis, sauran ƙananan hukumomi suka fi haka daɗewa. Ko a ranar da komai ke lafiya, kuɗin data da wutar lantarki ba abin rainawa ba ne. Kayan aikin da ba ya motsi sai da intanet, na aro ne.

Nasu uzurin, da namu laifin

Ba zan rufe ba sai na faɗi uzurin waɗannan mutane. Yawancin laburaren nan ƙananan tawagogi ne ke riƙe da su, kuma masu ba da kuɗin bincike sun fi son jin "sabon abu" a kan "mun gyara shi ya yi aiki a Windows". Manyan injunan hasashen yanayi Linux suke amfani da ita, to dole hankalinsu ya fi karkata can. Akwai kuma ƙofofin da suka buɗe: Panoply ta hukumar NASA, da aka rubuta da Java, tana nuna fayil ɗin netCDF a Windows ba tare da wahala ba, kunshin netCDF na R da Python ma yanzu suna girkuwa cikin sauƙi a injin da bai tsufa ba.

Mu ma da namu. Mu nawa ne muka taɓa rubuta wa masu wani laburare cewa harafin ƙ yana lalacewa a wurinmu? Ba za su gyara abin da ba su san da shi ba, kuma ba wanda zai gwada musu Ƙaura Namoda in ba mu ba. Kundin digiri nawa ne a sassanmu ke faɗin babbar manhaja da zubin laburaren da aka yi lissafi da su? Mukan rubuta "an yi amfani da Python" mu wuce, alhali labarin Hawaii ya nuna wannan bai isa ba.

Ga abin da nake ganin kowane sashe zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Na farko, mutum ɗaya mai injin kirki ya yanko yankinmu sau ɗaya. Akwatin digiri 2.5 a kwance da tsaye ya rufe kusan dukan Zamfara, gidaje 2,500 ke nan, ƙasa da megabayit huɗu a shekara, kimanin 150 a shekara 40. Filashi guda ya ɗauke, kuma a wannan girman mazubin bit 32 ba zai cika ba. Na biyu, a ajiye ɗan fayil na gwaji wanda aka san amsarsa, misali jimillar ruwan gidan da Gusau ta faɗa a shekara guda, duk wanda ya girka manhaja ya fara gwada shi kafin ya taɓa aikinsa. Na uku, a riƙa tsara jerin fayiloli da umarni a fili, kada a bar wa injin. Na huɗu, a ba kowane gari lamba a tebur, a haɗa tebura da lambar, sunan kuma a bar shi da lanƙwasarsa. Na biyar, a rubuta zubin komai a cikin kundi.

Maganar ba ta ƙare ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, saboda haka sannu a hankali laburare za su fara barinsu a baya. A ɗaya gefen, Python 3.13 na Oktoban 2024 ya sa Android cikin manhajojin da yake tallafa wa, ko da yake a matakin farko ne. Wayar Android kuwa ita ce kwamfutar da ta riga ta isa Mada. Idan aka zo dashen laburaren kimiyya a kanta, ma'aunin da zan riƙe shi ne wanda na riƙe a nan: a ba injin Boulder da wayar ɗalibarmu fayil ɗaya, su fitar da ranar shuka ɗaya, kuma sunan Bunguɗu ya fito yadda masu garin ke faɗarsa.